Daga Tire Zuwa Teburin Gashi: Abincin Koriya Zai Samu Wurin Zama a Kano?

Wani sabon kwaɗayi ya shigo gari ta cikin waya. Fina-finan Koriya ta Kudu masu dogon zango sun samu karɓuwa a wurin matasan Kano, musamman 'yan mata, kuma da wuya a gama kashi guda ba a nuno jarumai sun zauna cin abinci ba: tukunya na ɓararraka a tsakiyar tebur, nama na gasuwa a gabansu, ga ƙananan kwanuka an jera reras. Tun daga Jewel in the Palace na 2003, wanda labarinsa ya ginu kan wata mai girki a fadar sarki, da Jumong na 2006, har zuwa Squid Game na 2021, ido ya daɗe yana ci kafin baki. Yanzu kuma ga taliyar Buldak mai azabar yaji, wadda kamfanin Samyang ya fitar a 2012, ana gasar cinta a TikTok ana sharar hawaye.

Gidajen abincin Koriya da ke Najeriya sun fi taruwa a Legas da Abuja, inda ma'aikatan kamfanoni da na ofisoshin jakadanci suke. A Abuja ma akwai Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a 2010, shekara 30 bayan ƙasashen biyu sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1980. Abin tambaya shi ne, ƙaramin gidan abincin Koriya, irin wanda ɗalibi da ma'aikaci ke faɗawa ba tare da sun sake tufa ba, zai iya kafuwa a Kano ya yi ƙarko? Mai neman amsa ya nufi Fagge da Sabon Gari, domin ta nan yawancin baƙon abinci ya bi kafin ya shiga gidajenmu, kuma a nan wasu suka maƙale har yau.

Yadda ake zama a can

A Seul, ƙaramin gidan abinci yakan tsaya kan abu ɗaya ko biyu. Wannan na miyar ƙashi ne, wancan na gashi, na gaba na soyayyar kaza. Akwai kuma masu arha da 'yan makaranta ke cika, inda ake sayar da naɗin shinkafa cikin ganyen teku, da tokboki, wato curin garin shinkafa da ake dafawa cikin jar miya mai yaji da zaƙi.

Mu ɗauki gidan gashi, don shi aka fi nunawa a fim. Tebur ne mai rami a tsakiya. Kana zama sai a kawo garwashin gawayi a zuba, a ɗora raga, a jawo wani bututu daga sama ya riƙa zuƙe hayaƙi. Cokali da tsinkayen ci, duka na ƙarfe, suna cikin aljihun tebur, kai za ka jawo ka rarraba wa abokan zamanka. Ruwa kyauta ne. Kafin nama ya iso an cika tebur da ƙananan kwanuka da suke kira bancan: kimci, da ganye da aka turara aka kwaɗa da man riɗi da tafarnuwa, da tsiron wake, da kokwamba, da ƙananan kifi soyayyu. Ba a biyan kuɗinsu, kuma in kwano ya ƙare a ƙaro maka. Ɗanyen nama ake kawowa, tare da awartaki da almakashi. Ɗaya daga cikinku, galibi ƙaramin cikin tafiyar, shi ke juyawa yana yayyankawa. In ya gasu, kowa ya ɗauki ganyen latas, ya ɗora yanka guda, ya lakato miyar wake, ya sa tafarnuwa, ya dunƙule ya kai baki a loma ɗaya. Mai son ƙari ya danna ƙararrawar da ke gefen tebur, ko ya ɗaga murya ya kira mai hidima da sunan da suke kiran 'yar'uwar uwa. In an gama a je kanta a biya, kuma ba a ba da tukuici.

Ladubban zaman ba za su zame wa Bahaushe baƙi ba. Babba ke fara ɗaga cokali. Yaro ba ya karɓar abu daga hannun babba sai da hannu biyu. Wanda ya gayyata ko wanda ya fi shekaru shi ke biya, har akan yi 'yar kokawa a bakin kanta kowa na cewa shi zai fitar. Yawancin gidajen gashi ma ba sa sayar da rabon mutum ɗaya, sai na biyu zuwa sama, don tun asali ba a tsara wurin don mai ci shi kaɗai ba. Sai dai zamani ya taɓa su. Sama da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Koriya ta Kudu yau mutum ɗaya ne a ciki, kuma daga wannan kaɗaici ne al'adar nan ta cin abinci a gaban kyamara ta samu kasuwa, mutum na ci dubbai na taya shi da ido.

Yana da kyau a san cewa yawancin abincin da ake yayi ɗin nan ba na fada ba ne. Ƙasar ta fito daga mulkin Japan a 1945, ta faɗa yaƙi daga 1950 zuwa 1953, ta sha yunwa. Taliyar leda ta farko ta fito a 1963, lokacin da shinkafa ke ƙaranci, garin alkamar agaji daga Amurka kuma ya wadata. Ko barkonon da ya zama tambarin girkinsu baƙo ne, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya isa ƙasar. Su ma aro suka yi suka mayar nasu. Daga 2009 ne gwamnatinsu ta tashi haiƙan tana tallata abincin ƙasar a duniya, fim da waƙa suka taya ta.

Ƙofar da baƙon abinci ke bi

Fagge tun asali masaukin baƙi ce. Ana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a matsayin zangon ayarin Buzaye da fataken hamada a bayan ganuwa. Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a cikin birni, a wajajen Dandalin Turawa, su ake danganta wa girke-girken alkama irin su gurasa da alkaki. Yau wa zai ce wa mutumin Jakara gurasa baƙuwa ce? An yayyafa mata ruwa, an barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, an zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe, ta zama abokiyar tsire, har ta zama abin da Bakano ke kaiwa tsaraba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai Turawa suka yanka Sabon Gari a 1913 don akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, da mutanen Gana da Saliyo. Kwarori kuma, 'yan Labanan da Siriya, aka ba su wuri a kudancin Fagge, inda Kantin Kwari take yanzu. Yau unguwannin biyu suna ƙaramar hukuma ɗaya, titi ne kawai ya raba su, kuma ɗan kasuwa na iya karyawa a wannan ya ci na rana a waccan.

Dubi abin da ya tsallako daga Sabon Gari. Teba, sakwara, amala, miyar agushi, manja, duk sun shiga tukunyar matan Hausawa, har ana sa su a jerin abincin biki. Ta ina suka bi? Ta bukar Alhaja Bayarbiya da ɗan Kwari ke zama a bencinta ba tare da ya tambayi wanda ya yanka naman ba, don ya ga ta da carbi, ya kuma san mahaucin da take saye a wurinsa. Ta maƙwabtaka da auratayya da zaman bariki. Amma farfesun kan akuya da na tarwaɗa, duk da daɗinsu, sun fi zama a inda aka san su, saboda wuraren da suka shahara da su galibi ana sayar da giya a ciki, magidancin Fagge kuma ba zai so a gan shi yana fitowa daga nan ba ko da ruwan leda ya sha. Shawarma ta Kwarori ta daɗe a 'yan wurare kaɗan kafin yaran gari da suka yi aiki a kicin ɗinsu su fito da ita bakin titi, su ƙara mata yaji da kabeji, su rage mata kuɗi. Shinkafar mandi da kabsa kuwa alhazai da masu Umara da waɗanda suka yi zaman Saudiyya ne suka dawo da su, ba su sha wata tambaya ba don an san daga inda suka fito.

Akwai kuma waɗanda suka daɗe ba su tsallaka ba. 'Yan kasuwar Sin daga Hong Kong sun kafa masana'antun kwanuka da robobi a Kano tun shekarun 1960, wasu kuma sun biyo baya da harkar atamfa a Kwari. Gidajen abincinsu sun tsaya a unguwannin masu hali, wurin da ake kai baƙo ko amarya sau ɗaya a shekara. Talakan Kano ya taka silifa ɗinsu, ya ci tuwo a kwanonsu, amma bai san ɗanɗanon miyarsu ba.

Darasi biyu: fim ɗin Indiya da Indomie

Masu cewa farin jinin fim kaɗai zai cika gidan abincin Koriya da jama'a, su tuna da Indiya. An buɗe silimar Rex a 1937, daga baya aka samu irin su Plaza da Wapa a Fagge, kuma tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen kallo suka fara kawo fina-finan Indiya. Babu al'adar waje da ta kama zuciyar Bahaushe kamar wannan. Ta shiga waƙa, ta shiga littattafan soyayya, ta shiga Kannywood, har aka kai ga fassara fina-finan zuwa Hausa. Amma bayan shekara kusan 70, matan aure nawa ne ke tuƙa wa maigida miyar Indiya da dare? Kallo daban, ci daban. Abinci da mutane yake tafiya, da wadda za ta tsaya kusa da ke a kicin ta ce rage wuta, ƙara gishiri.

Indomie kuwa ba ta zo da fim ba, ba ta zo da jarumi ba. Daga Indunusiya take, an fara shigo da ita a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'anta a Ota a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka yi wata a Kaduna. Abin da ya ɗaga ta a Arewa shi ne teburin mai shayi. Je ka Fagge bayan sallar isha'i ka tsaya. Risho ko ƙaramin gas na ci, an jera gwangwanayen madara da burodi, samari sun cika benci. "Malam, ƙwai nawa za a sa?" "Biyu, ka cika attaruhu, kada ta yi ruwa." Ya ɓare leda, ya jefa a ruwan zafi, ya tsame, ya yanka albasa da tattasai a tafin hannunsa, ya soya a kasko, ya kife ƙwai a kai. Kafin a gama gaisawa an miƙo faranti. Mutumin Jakarta ba zai gane abincinsa ba, mai ci kuma bai taɓa tunanin daga Asiya take ba. Ta fito daga ƙasar Musulmi, ana yin ta a gida, kuɗinta daidai aljihu, kuma ta faɗa hannun mai sana'ar da jama'a suka riga suka amince da shi.

Sai dai akwai bambanci guda tsakanin zamanin fim ɗin Indiya da na yanzu da ya kamata a yi wa adalci. Fim ɗin Indiya rawa da waƙa ya nuna, bai koyar da girki ba. Yau kuwa yarinya a Rijiyar Lemo na iya buɗe YouTube ta ga wata dattijuwa a Koriya tana yanka kabeji tana auna gishiri daki-daki. Wayar ta ɗauki wani ɓangare na aikin da maƙwabciya ke yi a da.

Inda harsunan suka haɗu

Wanda ya san girkin ɓangarorin biyu zai yi mamakin kusancinsu. Ginshiƙin miyar Koriya tsimammen waken suya ne da ake ajiyewa a manyan randunan ƙasa wata da watanni. Daga shi ake samun dwenjang mai kauri da ƙarfin wari, da baƙin ruwan gishiri, sai kuma gocujang da ake haɗawa da garin barkono. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya a 2024. Mai cin miyar kuka da daddawar kalwa ba zai toshe hanci don warin dwenjang ba, balle yanzu da matanmu ke yin daddawa da waken suyan kansa. Farin curin wake da suke yankawa a miya, awara ce, wadda ta bazu a Arewa bayan cibiyoyin bincike irin su IITA ta Ibadan sun yi ta yayata amfanin waken suya tun shekarun 1980. Turararren ganyensu na man riɗi ɗan'uwan kwaɗon zogale da na rama ne, sai dai mu ƙuli muke sawa. Riɗin ma namu ne: ana loda shi a Dawanau buhu-buhu zuwa ƙasashen Asiya. Yaji kuwa ba a koya wa Bakano. Lokacin da hukumomin Denmak suka janye wasu nau'o'in Buldak daga kasuwa a Yunin 2024 saboda tsananin yaji, a nan abin dariya ya zama. Gashin nama kuma sana'ar gado ce, daga tsire da balangu har kilishin Agadasawa.

Wurin da za a sha bamban shi ne kimci. Kabeji ne mai dogon ganye da ake jiƙawa da gishiri, a shafe shi da garin barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande, a rufe ya tsima. Muna son tsami, shaida ga nono da yakuwa da kunun tsamiya, amma ɗanyen ganye mai sanyi da ya kwana biyu yana tsami, a wurinmu sunansa abin da ya lalace. Haka zaƙi a cikin nama. Gasasshen namansu bulgogi da sukari ake jiƙa shi, Bahaushe kuma gishiri da yaji ya sani a jikin tsoka. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, mu kuwa in ba tuwo za a tuƙa ba, wara-wara muke so, wadda ta caɓe abin gori ce ga amarya. Waɗannan duk sabo ne ke gyara su, kuma matasa sun fi saurin sabo.

Alade, giya da yanka

Babban shingen ba a harshe yake ba. Naman da aka fi gasawa a waɗancan teburan da ake gani a fim shi ne samgyapsal, tumbin alade mai kitse. Koren kwalaben da ke gefe soju ne, giyar ƙasar, kuma zaman gashi a can da ita yake tafiya. Soyayyar kazarsu ma da giya aka saba haɗa ta. Waɗannan a fili suke, ana iya kauce musu. Na ɓoye sun fi wuya: giyar girki da ake zubawa a mahaɗin nama, romon ƙashin alade a cikin miya ko a cikin ɗan ƙullin garin da ke ledar taliya, da barasar da wasu masana'antu ke sa wa gocujang don kada ya lalace. A 2017 hukumar kula da abinci ta Indunusiya ta janye nau'i huɗu na taliyar Koriya daga kasuwa bayan an gano sinadarin alade a cikinsu. Kamfani ɗaya na iya yin kaya iri biyu, na kasuwar gida da na ƙasashen Musulmi mai tambarin halal, kuma ledojin kusan iri ɗaya ne. Mai saye a shago ko a hannun masu talla a Instagram ya juya bayan leda ya duba tambarin halal da lambar NAFDAC kafin ya ɗora ruwa.

Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah bisa doka a 2003. Don haka mai son buɗe gidan abincin Koriya yadda yake a Seul, da aladensa da sojunsa, sai dai ya nemi lungu a Sabon Gari, kuma ranar da ya yi haka ya yi sallama da mafi yawan masu sha'awar, don 'yan matan da ke kallon fina-finan nan ba za a bar su su taka wurin ba. In kuma ya zauna a ɓangaren Fagge, dole ya sauya rabin jerin abincinsa.

Wasu za su ce in an cire waɗannan, abincin ya tashi daga na Koriya. Maleshiya da Indunusiya sun riga sun amsa wannan: gidajen gashin Koriya na halal sun cika biranensu, da naman sa da kaza da rago. A Koriya ma, kewayen babban masallacin Seul da aka buɗe a unguwar Itaewon a 1976, akwai gidajen da ke dafa bulgogi da bibimbab, wato shinkafa da ganye da ƙwai a kwano ɗaya, da naman yankan Musulmi, kuma hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar tana rarraba gidajen abinci gida-gida don matafiyi Musulmi ya san wanda ke da takardar halal da wanda kawai ba ya dafa alade. A Kano kuwa takarda a bango ba ta kai fuska ba. Abin da ke kwantar da hankalin mai ci shi ne ya san mai wurin, ya san mahaucinsa, ya leƙa kicin ya ga 'yar unguwarsu ce ke riƙe da ludayi.

Kuɗi, wuta da zafi

Ko an warware batun halal, akwai lissafi. Tsarin ƙananan kwanuka kyauta da ƙari kyauta ya dogara da ma'aikata da yawa, da ruwan wanke-wanke, da masu ci da suka san iyaka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Wanda zai dogara da gocujang da ganyen teku da shinkafar da aka yo oda daga Koriya, farantinsa zai fi ƙarfin ɗalibar da ta fi kowa son ci, ya koma jerin wuraren da ake zuwa ɗaukar hoto sau ɗaya.

Ga kuma yanayi. An ƙirƙiro kimci ne don a tsallake hunturu mai ƙanƙara. A ƙarshen Nuwamba dangi da maƙwabta ke yin gayya su haɗa na wata da watanni, al'adar da UNESCO ta karrama a 2013. A da a ƙasa ake binne randunan, yanzu kuma gidaje na da firij na musamman dominsa. A Kano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, abin da ke tsima a mako a can zai wuce gona da iri a kwana ɗaya ko biyu in wuta ta ɗauke. Sai an haɗa da sola ko janareta, su ma kuɗi ne. Haka teburin garwashi a rufaffen ɗaki: ba mai zama kusa da wuta da azahar a bazara, sai dai da dare a fili, ko lokacin sanyi.

Amma kayan haɗin ba su yi nisa ba. Lokacin hunturu, da kayan noman rani suka sauka, kabeji da karas da kokwamba da albasa mai lawashi na arha a 'Yankaba. Barkono da tafarnuwa da citta da riɗi da waken suya duk na gida ne. Busasshen kifi da jatan lande suna kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Abubakar Rimi. Nama kuwa Kano ce ke ciyar da wasu. Mai basirar da ya koyi tsima wakensa da kansa ya rage rabin dogaro da jirgin ruwa.

Wa zai zauna a teburin?

A al'adar gari, magidanci mai mutunci a gida yake ci. Cin abincin kasuwa na gwauro ne da matafiyi da ɗan kasuwar da gida ya yi wa nisa. Cin taro kuwa muna da namu: ciyayya, inda maƙwabta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba a haɗa a ci tare, da tiren da 'yan gida ɗaya ke kewayewa. Gidan abinci irin na Turawa, kowa da farantinsa da wuƙarsa, shi ne ya saɓa da wannan. Teburin Koriya, inda hannu da yawa ke shiga kwano ɗaya kuma babba ke farawa, ya fi kusa da abin da muka tashi a kai.

Sai dai ciyayya ta maza ce, masu ɗokin abincin Koriya kuwa yawancinsu mata ne. Fita cin abinci da iyali sabon abu ne da ya ƙaru a shekarun nan, kuma ya fi ƙarfi a sababbin unguwanni, a wuraren da aka tanadi keɓantaccen sashe na iyali. Cunkoson Kwari da Wapa da kasuwar Singa na maza ne masu sauri, waɗanda ke son a zuba musu garau-garau su koma shago. Ba su da sa'a guda ta juya nama. Kuma a garin da mai tsire ke gasa maka, ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda, sai an yi da gaske kafin a shawo kan mutum ya biya kuɗi mai yawa sannan a miƙa masa almakashi a ce ya gasa da kansa.

Saboda haka, alamu sun fi nuna cewa abincin Koriya ba zai shigo Kano a matsayin gida sukutum da allonsa da fitilunsa ba. Ɗaya bayan ɗaya zai shigo. Taliya mai yaji ta riga ta sa ƙafa. Soyayyar kaza mai jar miya, wadda ba ta buƙatar komai daga waje sai dabara, ita ce mafi kusa da biyo ta. Sai shinkafa da ganye da ƙwai a kwano ɗaya, sai gashin tebur na sa da rago a matsayin shagalin dare ga iyalai da abokai, kimci kuma a ƙarshe. Waɗanda za su ɗauko shi su ne matan da ke girki a gida suna tallatawa a WhatsApp da Instagram ana kai wa masu saye har ƙofa, don su ne suka haɗa abubuwan da tarihin Fagge da Sabon Gari ya nuna ana buƙata: an san su, an yarda da yankansu, ba su da kuɗin hayar babban wuri, kuma ba sa jin kunyar ƙara attaruhu su rage sukari. Mai jarin da ke tunanin buɗe irin wannan wuri, kafin ya kashe kuɗi kan ado da kujeru, ya fara samun mahaucin da unguwa ta sani, da mai girkin da za ta iya haɗa miyar da kayan 'Yankaba da Dawanau, sannan ya tsayar da kuɗin faranti inda ɗalibar jami'a za ta iya dawowa a mako na gaba ba sai ta jira ranar haihuwarta ba.